Tsamiyar Pak Osman

Gwaggo Hureira dai wankan jego ne ya kai ta Kuala Lumpur. Walida, 'yar ƙaninta da ta riƙe tun daga yaye, ita ta haihu a hawa na goma sha huɗu na wani bene a Sentul, inda mijinta Zahraddeen yake karatu. An yi arba'in lafiya, saura kwana tara Gwaggo ta koma Kano. Har ta ɗaure jakunkunanta, don ita fa hankalinta yana kan awakinta da tsakar gidanta a Yakasai.

Maƙwabcinsu wani tsoho ne, Pak Osman, mai renon irin bishiyoyin nan da ake hana su girma, waɗanda suke kira bonsai. Ranar da 'ya'yansa suka zo kai shi asibiti, sai ya sa aka miƙo wa Gwaggo guda ɗaya. Tsamiya ce, wallahi tsamiya sak, amma ba ta fi kamu ɗaya ba, a cikin tukunyar ƙasa mai ƙafa uku.

Walida ce take fassara. "Wai ranar Asabar za a yi nunin shuke-shuke a zauren ƙasan benen nan, ki kai masa ita. Amma sai kin zaɓa mata gaba, wato ɓangaren da zai kalli mutane."

"Tukunya zagayayya ina ta ga gaba? Kuma tsamiya a ɗaki? Ke Walida, a garinmu ko inuwarta ba a zama da tsakar rana."

"Haba Gwaggo, boleh lah, ba komai, ado ne kawai."

Tsohon ya ƙara wata magana, Walida ta yi dariya. Wai aikin wata shida ya zo yi daga ƙauyensu a wajen gyaran jirgin ƙasa, maigidansa ya ba shi tsamiyar ya zaɓa mata gaba. Yau shekara hamsin da biyu, bai sake kwana ɗaya a garinsu ba. Shi kam bai yi dariya ba. Har aka tura kekensa na marasa lafiya cikin lif bai waiwayi bishiyar ba.

To su mutanen can, ƙafar tukunya ɗaya suke sawa a gaba. Gwaggo kuwa tana ganin ƙafa uku sai ta ga murhu, ta ce wa ya taɓa sa dutse a gaban mai tura itace? Ta juya tukunyar, tsakanin ƙafa biyu ya fuskance ta, kamar bakin murhu. Sai a lokacin ta lura bishiyar ta ɗan rusuno wajenta, irin gaisuwar surukai.

Washegari da hantsi tana tsintar shinkafa a bakin kicin, ta ɗaga kai, bakin murhun nan yana kallonta. Da la'asar ta koma baranda, ta waiwaya, shi ne dai. Ta tambayi kowa, ba wanda ya taɓa. Ta yi a'uziyya, ta ce tsufa ne.

A rana ta uku maƙwabciyarta Surayya ta kira daga Kano tana ba ta labarin awaki, Gwaggo ta nemi kalar ƙofar gidanta a ranta ta rasa. In an wuce masallaci dama ake yi ko hagu? Ta kasa tunawa. Ta shiga ɗaki ta tarar jakunkunan wayam, zannuwanta jere a kabad, kuma ninkin hannunta ne, ba na kowa ba.

Ranar Asabar da safe Walida ta fito da jariri a goye, ta tsaya a kan tukunyar.

"Gwaggo, kin sa ta a karkace, za su yi mana dariya. Bari in zaɓa mata gaba na gaskiya."

Ta miƙa hannu. Gwaggo ta make hannun nan, har jaririn ya firgita.

"Kul! Kar ki taɓa!"

"Ikon Allah! Me na yi?"

Gwaggo ta tuna Pak Osman, wanda tun da ya zaɓa wa tsamiyar nan gaba bai sake komawa gida ba. Shekara ɗaya ta rage wa yaran nan su tattara su koma gida. Ta tuna mai gadin benen, ɗan Nepal, wanda in ta ce ya juya mata ita da murna zai juya. Sai kuma ta tuna kullum yana nuna mata hoton 'ya'yansa da ya baro a gida a waya.

Ta sunkuya ta rungumi tukunyar da kanta. Ganyen ya shafi kumatunta, sanyi ƙalau.

Zahraddeen ya buɗe musu ƙofa. Ta tsaya a gabansa.

"Malam, tikitin nan nawa, a ɗaga shi."

"To Gwaggo, mu da muke ta roƙo! Zuwa yaushe?"

Ta buɗe baki za ta faɗi sunan wata, ba wanda ya zo mata.

"Kai dai a ɗaga," ta ce, ta nufi lif.