Ranar da Yara Suka Yi Kukan Kwaɗi

Jikata Luli ta kai shekarun shiga makaranta ba ta iya roƙona ruwan sha da Semai, harshenmu, ba. Malay, harshen gwamnati, shi ne a aji, shi ne a waya, ni kuwa Malay ɗina bai wuce na sayen gishiri ba. Ɗaki ɗaya muke kwana amma hirarmu da hannu, kamar kurame. Abin nan yana ci mini rai ba kaɗan ba.

Sai ga Wak Mawar, 'yar ƙanena, ta dawo daga kwalejin malamai da dabararta. Ta ce, "Gwaggo, yaran nan ba da bulala za su koyi harshenmu ba, da wasa ne. Ke ce kika san kalmomin, ni na san yara."

Muka fara tara su ƙarƙashin rumfar gora duk ranar hutu. In jefa dutse a kwatarniya, tsulum, in faɗa musu yadda muke kiran wannan ƙara, su kuma su faɗa mini ta Malay, su yi ta shewa saboda bakina ya ƙi lanƙwasuwa. Ɗigar ruwa a kan ganyen ayaba, fashewar gora a wuta, tafiya cikin taɓo facal-facal, kowanne da kalmarsa a wurinmu. Rannan Luli ta zame a bakin rafi, ta tashi ta faɗi kalmar santsi da Semai da kanta. Na juya baya na share hawaye.

Da abin ya karɓu, sai Mawar ta zo da fuskokin dabbobi na takarda: kwaɗo, biri, mage. Wai kowa ya sa tasa, ya yi kukan dabbar da harsuna biyu.

Na ce, "Ke, kanki ɗaya kuwa? A garin nan ake kwaikwayon dabba ana dariya? Aradu kike so ki kira mana?"

"Haba Gwaggo, wannan ai zancen da ne."

Kafin in rufe baki Luli ta tsugunna tana tsalle tana ƙwar-ƙwar, yara suna birgima don dariya. Bah Tuin, dattijon ƙauyenmu, ya zo wucewa da adda a kafaɗa. Ya tsaya, ya dube mu, ya wuce.

La'asar ba ta yi ba sama ta haɗe. Iska, tsawa, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mata suka fito suna yanke gashin kansu suna ƙonawa, suna roƙon Aradu ta yi haƙuri. Gangaren dutsen da ke bayan gari ya zaftaro ya binne gonakin rogo har da na Bah Tuin. Kowa ya san masu katako sun aske gangaren nan tun bara, amma wa zai je ya kama masu katako? Mawar ce a kusa.

Washegari Bah Tuin ya ce wa Mawar, "'Yata, mun gode. Rumfar nan a rushe ta." Uwaye suka janye 'ya'yansu. Mawar ta nemi aiki a birni ta tafi, ko sallama ba ta tsaya yi ba don kunya.

Na ce ba komai, ni da jikata ma ci gaba a gida. Na zaunar da ita, na buga gora ƙwas, na ce, "To, ya muke cewa?"

Ta toshe bakinta da hannu biyu. Na lallashe ta, na yi faɗa, a banza. Sai da uwarta ta zo ta tambaye ta, Luli ta raɗa mata da Malay, uwar ta fassara mini tana kallon ƙasa.

"Wai Aradu Semai kaɗai take ji, Inna. Ta ce in dai Malay take yi, Aradu ba za ta gane ita ce ta yi kukan kwaɗon ba."