Reshen da Ke Kan Ɗakin Inna Hajjo

Injin ya yi tari ya mutu. Bappa Hambali ya sake fizgar igiyar, ko motsi. Sai ya koma kan tabarmarsa a ƙofar gida, ya ɗora injin sare itacen a cinya kamar mai lallashin jariri, ya kwance fulogi ya hau goge shi da gefen riga.

Zahara'u, maƙwabciyarsa, tana tsaye a bakin zaurensu tana kallo. A ranta fata take kada injin nan ya tashi yau, alhali ita ce ta yi ta sintiri a gidansa tana roƙon ya zo ya sauke musu reshen.

Wani tsohon maɗaci ne a lungun bayan gidansu. Iskar makon jiya ta tsage babban reshensa, ya sunkuyo daidai kan rufin ɗakin mahaifiyarta, Inna Hajjo, wadda ɓarin jikinta ya shanye. An yi juyin duniya Inna ta koma zaure, ta ƙi. Da aka zo ɗaukarta ta damƙe ƙarfen gado da hannunta mai lafiya ta ce, "Nan aka kawo ni amarya, nan za a ɗauke ni. Wanda ya taɓa ni ban yafe ba." Wa ya isa?

Abin da ya hana Zahara'u sukuni shi ne kunnen Bappa. Duk Gwaram an san ƙarar inji ta cinye shi, Bappa ne kaɗai bai samu labari ba. Ka ce masa gobara ta tashi, ya ce maka lafiya lau. Ga shi kuma aikin nasa na kunne ne. Ba ya hawa itace sai ya buga gindinsa da bayan gatari. Lafiyayye amsarsa gajera ce, wanda gara ta ci cikinsa kuwa sai ya amsa kamar ganga. Shekaru ke nan abokin aikinsa Ɗanladi ke yi masa sauraron, yana gefe kamar mai naɗe igiya, ya gyaɗa kai ko ya girgiza. Yau Ɗanladi ya tafi ta'aziyya Basirka.

"Bappa, a bari Ɗanladi ya dawo mana!" ta ce da ƙarfi.

"Fulogin ne," in ji shi. "Fetur ɗin zamani duk ruwa."

Ya hura shi ya mayar. Ya ɗauko magagari yana bin haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya, yana gwada kaifin da babban yatsa. Can gabas hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin, iska kuma ta ɗauke cak, ko ganye ba ya motsi. Da ya sake fizgar igiyar sai injin ya kama, ya turnuƙe ƙofar gidan da hayaƙi. Bappa ya washe baki. 

Zahara'u ta bi shi lungun. Maza biyu 'yan unguwa sun zo riƙe igiya. Bappa ya yi bismillah, ya ɗaga gatari ya buga gindin maɗacin. Sai ya juya inda Ɗanladi ya saba tsayawa, ya tarar ba kowa. Ya sake bugawa.

Ita kam ta ji. Ƙarar ta shiga cikin itacen ta yi sama, ta daɗe kafin ta mutu.

Kunya ta so ta riƙe ta, don mace ba ta koya wa dattijo aikinsa a gaban mutane. Amma ta matsa har gabansa, ta girgiza kai kamar yadda ta sha ganin Ɗanladi yana yi. Bappa ya dube ta ya daɗe. Ashe dai an san ba ya ji. Ta ga abin ya sosa masa rai, ta ji ba daɗi.

"Kogo ne?" ya tambaya a hankali.

Ta gyaɗa kai.

Ya ɗaga ido ya kalli reshen, ya kalli gabas. "Zahara'u, ruwan nan ba zai jira Ɗanladi ba. Hajjo ta fito?"

Ta girgiza kai.

"To, kin gani." Ya tuɓe takalmansa ya jera su a jikin katanga.

Haka ya hau, inji a rataye a baya, igiya ɗaure a ƙugu. Ya sami wani reshe ya tsaya, ya jefa igiyarsa a kan na sama ya ɗaure kansa. Sannan ya ɗaura ɗaya igiyar a jikin tsagaggen reshen, ya ce maza su ja. Suka ja, ya duba, ya tsuke baki. Igiya ɗaya ba za ta juya wannan nauyin daga kan rufin ba. Zahara'u tana kallo ya kwance ta ƙugunsa ya ƙara a kan reshen, ya wurgo bakinta ƙasa.

"Bappa, kar ka kwance! Bappa!"

Injin ya riga ya tashi. Ko mai kunne ba zai ji ta ba.

Garin itace ya dinga zubowa, da fari ja mai kyau, daga baya ya koma ƙasa-ƙasa, irin ta gara. Iska ta fara kaɗawa. Reshen ya yi ƙara, ya rabu, ya yi lilo a jikin igiyoyin, ya wuce rufin Inna da kamar kamu ɗaya, ya sauka a lungu. Mazan suka yi kabbara.

Itacen da aka sauke wa nauyi sai ya girgiza ya miƙe. Reshen da Bappa yake tsaye a kai ya ɓalle da shi, ba tare da wata ƙara mai yawa ba. Cikinsa ba komai sai jar ƙasa.

Da suka isa kansa idonsa biyu, injin yana can gefe yana ta gurnani shi kaɗai. Leɓensa na motsi, Zahara'u ta durƙusa.

"Ya taɓa kwanon?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba.

"A kashe injin," ya ce. "Zai shanye man."

Aka tare bas aka nufi asibiti a Birnin Kudu da shi. Ba su yi nisa ba rai ya yi halinsa, direban ya juyo da motar. Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya, sai da ya tsagaita bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Ɗanladi ya iso a kan babur jiƙe sharkaf, ya tarar ana dawowa. Ya wuce lungun ya dafa gindin maɗacin ya tsaya.

Washegari da hantsi Zahara'u ta kai wa Inna kunu. Ba a faɗa mata ba tukuna, an rasa mai iya faɗa. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan gadon, abin da ɗakin bai taɓa gani ba.

"Hambali ya kwashe min inuwa," Inna ta ce tana kare ido. "In ya shigo gaisuwa zai ji daga bakina."

Zahara'u ta ajiye kofin. Ta ciro zani daga kan ƙofa za ta rufe tagar. Daga nan tana hango lungu, takalman Bappa suna jere a jikin katanga, ruwan jiya ya cika su.