Rabin Murfi

Da zarar rana ta karkata, sai jaririn ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya dunƙule hannu, ya tsala kukan da ke danne ƙarar duk kekunan ɗinkin shagon. Ranar ma haka aka yi. Uwarsa ta ɗaga ƙafa daga kan keke, ta kwance goyo, ta kifa shi a cinya tana shafa masa baya. Rigar da take ɗinkawa ta zame ƙasa, ba wadda ta ɗauka mata.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta saɓa shi a kafaɗa har ya yi gyatsa, ta shafa masa mai a ciki, ta daina cin duk abin da matan shagon suka ce yana ɓata nono. A asibiti malamar jinya ta ce lafiyarsa ƙalau, murɗawar ciki ce irin ta jarirai, maganinta rarrashi da haƙuri, nan da 'yan watanni za ta wuce. Haƙuri dai a baki ba shi da nauyi. Malamar ba ta faɗi inda za a ajiye yaron kafin watannin su cika ba.

Mai shagon ta ja ta gefe, ba da faɗa ba. Ta ce ita ma uwa ce, amma masu kawo ɗinki sun fara juyawa daga bakin ƙofa. Ko ta samo inda za ta bar shi, ko ta zauna gida da shi. Gidan kuwa ɗaki ɗaya ne na haya, uban yaron ya tafi wani gari neman aiki, waya ma sai ya ga dama yake ɗauka. Keken nan shi ne cinsu, shi ne rufin asirinsu.

*

Wata abokiyar aiki ce ta yi mata kwatancen gidan Inna mai reno, a bayan tashar mota. Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne shirun gidan. Jarirai ne jere a kan tabarma, kowanne da ƙyallensa, duk suna barci kamar an yi musu doka. Ta gaya wa Inna gaskiya, ɗanta akwai rigima.

"Kawo shi, 'yar nan," in ji Inna. "Duk haka suke zuwa."

Aiki ya miƙe. Mai shagon ta dawo yi mata fara'a. Da yamma takan ɗauko shi yana barci, jikinsa laƙwas, ita ma ta samu ta runtsa. Ta ji daɗi ƙwarai, har tana sa wa Inna albarka a gaban mutane.

Sai dai yaron ya rage shan nono. Zai ja sau ɗaya ko biyu ya saki, nonon ya dalalo ta gefen bakinsa. Ƙirjinta ya cika yana mata zogi, gaban rigarta kullum a jiƙe. Idan ya buɗe ido ba ya bin fuskarta da kallo kamar da. Ta ce wa kanta girma ne yake zuwa, ta ƙi ƙara tunani a kai.

*

Wata rana aka ɗauke wuta tun da hantsi, aka sallame su da wuri. Tun daga zauren gidan Inna ta jiyo kukan jarirai, abin da ba ta taɓa ji a gidan ba. Ta tarar da Inna zaune da kwalbar maganin mura, tana tsiyayawa a murfi, ta matse kumatun yaro ta ɗura, ta matsa ga na gaba. Ɗanta na lasar leɓe, an riga an wuce shi.

"Inna, wannan fa na manya ne."

Inna ko ɓoye kwalbar ba ta yi ba.

"Na sani. Hannuna biyu ne, 'yar nan. Da kina tsammani waƙa nake yi musu? Iyayensu duk sun sani, tambaya ce kawai ba sa yi."

Ta sunkuci ɗanta ta fita, tana rantsuwar ba za ta sake taka gidan ba.

Washegari ba ta je aiki ba. Da rana ta karkata kukan ya dawo da ƙarfinsa, ta yi ta zagaya ɗaki da shi tana hawaye, don ta yi kewar kukan nan. Ya kama nono ya sha har ya ƙoshi. A kwanakin da suka biyo ta shiga duk inda ta sani neman inda za ta bar shi. Maƙwabciya ta ce nata ma sun ishe ta. Gidan renon da ke bakin titi ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Uban yaron bai ɗauki waya ba. Sai ga saƙon mai shago: in ba ta zo gobe ba, za a ba wata keken.

*

Da safe ta tsaya a ƙofar Inna, ta yi sallama. Inna ta fito, ba ta yi mata gori ba, ta dai miƙo hannu. Yaron idonsa biyu, yana kallon uwarsa, ya damƙe bakin mayafinta. Uwar ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, don Allah," ta ce, muryarta can ƙasa, "rabin murfi."

Inna ta ce to, ba tare da ta ɗago ba, ta kwantar da shi a layi.