Faifan Tashar Touboro

A kan allon kwamfutar akwai wani jan layi da ya cika har baki, shi Jafaru ya zuba wa ido tun da ya zauna. Ofishin tashar ɗan ƙarami ne, fankar sama tana ta juya zafin Garoua ba ta rage komai ba. A waje 'yan kamasho suna kiran fasinjojin Touboro.

Daga wannan tasha Mahfuzu, ɗansa na fari, ya tashi zuwa Touboro sarin gyaɗa wata Asabar da sassafe. Bai isa ba, bai dawo ba, wayarsa a kashe. Jandarmomi sun ce akan ɗauke mutane a hanyar nan. In ana so su san ta inda za su fara, a kawo musu hoton motar da ya shiga da fuskokin waɗanda ya shiga da su.

Delphine, mai kula da kyamarorin tashar, ta yi masa bayani da Fillanci, don Faransancinsa na ciniki ne kawai. Ta ce na'urar da ke ajiye hotunan ba ta da jikin da zai taɓa. Ɗaki ne aka yanka musu a cikin wata babbar kwamfuta a Douala. Faifanta, inda hotunan ke zama, ya cika, jan layin nan ke nan. Duk abin da kyamara ta ɗauka yanzu, sai na'urar ta share mafi tsufa kafin ta sami wurin ajiye shi.

Wannan ya gane shi. Ya taɓa riƙe sito.

Ta ce za ta ƙara wa faifan girma kafin su duba komai, don ko a zaman nan da suke yi ana sharewa. Yatsunta suka shiga gudu. Da farko ta nemi ƙarin wuri daga babbar kwamfutar, aka ba ta. Layin bai motsa ba. Jafaru ya miƙe tsaye.

"Zauna, Baba. An ba mu filin, saura a rushe katangar. Na'urar ba ta san an ƙara mata ba tukuna."

Ya zauna. Ta buɗe wani baƙin allo tana buga haruffa, tana cizon leɓe, ta ce kuskure ɗaya a nan zai iya kwashe duk abin da ya rage. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta tambaye shi me ya hana shi zuwa tuntuni.

Ya zo. Ran Laraba ya zo wurin Louis, manajan tashar, mutumin Kudu. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, sannan ya ce wani yaron gidansu ya ɗan yi jinkiri a hanya. Ya faɗa yana kallon gefe, da murya irin ta mai cigiyar akuya. Haka ubansa ya yi a kansa, haka kakansa: namiji ba ya ambaton sunan ɗan fari, ba ya nuna damuwa a kansa a gaban mutane. Louis ya ga dattijo mai farar hula a natse, har da ɗan murmushi, sai ya ce ya dawo duk ranar da mai kyamara take nan. Jafaru ya yi godiya ya fita. A gida ma Hauwa'u, uwar yaron, ba ta tambaye shi ba. Tuwon yaron kawai take ajiyewa a rufe, da safe ta ɗauke.

Bai gaya wa Delphine ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya ce Allah bai yi ba.

Layin ya ja da baya, ya koma kore, fili fetal a gabansa. Ta saki numfashi, ta shiga neman Asabar ɗin. Ta same ta. Hoton farko da ya rage na bayan azahar ne: rumfa, benci, wata mai ƙosai tana kwashe kayanta. Motocin safe duk sun tafi.

Ta ja baya, babu. Ta sake ja.

"Da jiya aka duba, da safiyar tana nan," in ji ta a hankali.

Ya tambaya ko sabon wurin zai dawo da abin da aka share. Ta girgiza kai. Ta ce amma daga yau ba za a ƙara share komai ba, na'urar za ta iya riƙe duk wanda ya ratsa tashar har damina ta wuce. Sai ta ce ya ba ta sunan yaron, za ta bi direbobi ɗaya bayan ɗaya.

Ya buɗe baki. Tun ranar suna bai furta shi ba.

"Mahfuzu," ya ce. Ta ce ba ta ji ba, saboda hayaniyar waje. Ya maimaita da ƙarfi, har wani ɗan kamasho ya leƙo.

Washegari kyamarar bakin ƙofa ta ɗauki wani mutum mai farar hula a kan benci, yana miƙewa duk lokacin da motar Touboro ta shigo, yana komawa ya zauna. Ta ɗauke shi jibi, ta ɗauke shi gata. Na'urar ta adana shi duka, ba ta share ko kaɗan ba.