Tsatsa a Tankar Bapu-ji

Tun daga birnin Ludhiana har ƙauyensu, Tejinder bai yarda ya sauke kwalin nan daga cinyarsa ba. Da kwandasta ya ce a ɗora shi saman bas, harara ɗaya ya watsa masa, mutumin ya kama gabansa.

'Yar tankar yaƙi ce ta roba a cikin kwalin, ba ta fi tafin hannu ba. Kwaikwayo ne na ƙaramar tankar da mahaifinsa, Dafada (wato saje) Hazara Singh, ya tuƙa a yaƙin Burma, kuma Tejinder ne ya haɗa ta da hannunsa. Yanzu tsohon ya haura tamanin, kuma tsufa ya kwashe masa tunani. Zuwan Tejinder na baya, tsohon ya ɗauka mai karanta mitar wuta ne, ya ce a nuna masa ƙofa. Abin ya yi wa Tejinder ciwo ƙwarai. Burinsa ɗaya tak, uban ya dube shi ya kira sunansa, Teji, kamar yadda yake kiransa yana yaro, kafin ta Allah ta kasance. Tunda yaƙin kaɗai ya rage a kan tsohon, sai ya ce bari ya biyo masa ta nan.

Ya sha wahalar bincike. Ya je gidan tarihin tankoki a Ahmednagar da tef ɗin awo, ya yi ta rarrafe a ƙarƙashin wata irinta. Ya nemo tsofaffin sojoji biyu na rundunar uban, suka kusa dambe a gabansa kan ko koren fentin mai duhu ne ko mai haske. A ƙarshe ya samo hoton tankar da lambarta, tsaye a hanyar Imphal cikin damina. Masu sana'ar haɗa irin waɗannan 'yan tankoki kuwa suna da wata cuta, ba sa ganin tanka ta yi kyau sai ta yi kaca-kaca. Watanni ya yi yana ɗiga mata tsatsa da bakin buroshi, yana cusa jan taɓo a sarƙar ƙafafunta, har da zirin baƙin mai a bayan inji. Abokansa da suka gani sun ce saura kaɗan ta yi wari.

Ƙanwarsa Rupinder, wadda ke jinyar tsohon, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Vir-ji, yayana, tsaya ka ji. Shekaranjiya Bapu-ji ya jefi likita da sanda, jininsa ya hau har muka fidda rai. An ce kada a sake ɓata masa rai. In wannan abin wasan naka ya tayar masa da hankali, ni da kai ne."

"Ba abin wasa ba ne."

"Ga furfura a gemu, ga motar roba a hannu. To shiga."

Tsohon na zaune a gadon igiya a tsakar gida, sandarsa a gefe, ɗan tawul a kafaɗa. Tejinder ya taɓa ƙafafun uban don gaisuwa, ya buɗe kwalin, ya ajiye tankar a kan tire.

Hazara Singh ya daɗe yana kallo. Can ya miƙa yatsa, ya dafa lambar da ke gefenta.

"Tawa ce," ya ce a hankali.

Tejinder ya ji kamar ya yi tsalle. Amma tsohon ya ƙara sunkuyawa, fuskar ta fara haɗewa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Wane shashasha ne ke tuƙa ta yanzu?"

"Bapu-ji, ni na..."

"Tsatsa! A jikin tankata! Dubi sarƙa, kamar an tono ta daga turken ɓauna!"

"Haka take a hoto, Bapu-ji. Damina ce, hanyar Imphal..."

"Hoton uwar wa? Ko ruwan harsashi ake yi, gari na wayewa sai mun kankare ta. Taɓo ya bushe a sarƙa, ta tsinke, ku mutu ku duka. Kai wace runduna ce ta ɗauki irinka?"

Numfashinsa ya fara sarƙewa, hannu na laluben sanda. Rupinder ta rugo tana kiran Ubangiji, "Wahiguru! Ɗauke ta, Vir-ji, ɗauke ta na ce!" Tejinder ya kai hannu, tsohon ya make shi.

"Ba inda za ta a haka. Ruwa!"

Tejinder da ƙanwarsa suka dubi juna. Rupinder ta kawo ruwa a kofin ƙarfe. Tsohon ya tsoma bakin tawul ya fara goge bayan injin. Dattin garin fenti ne da Tejinder bai riga ya shafa wa man da ke kama shi ba, nan take ya narke ya bi tawul. Siririyar wayar rediyo ta ƙarye, fitila ɗaya ta faɗo ta gangara ƙarƙashin gado. Tejinder ya cije leɓe. Yana ji yana gani aikin watanni na tafiya, ga tsoron kada zuciyar tsohon ta buga, ga shi har yanzu kallon baƙo ake masa.

Hannun ya gaji. Hazara Singh ya cilla wa Tejinder tawul ɗin.

"Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Maza!"

Tejinder ya durƙusa a ƙasa. Ya naɗe tawul a yatsa, ya fara share taɓon da ya cusa da kansa a sarƙar, haƙori bayan haƙori. Tsohon ya sunkuyo a kansa yana huci, amma hucin na raguwa.

"Ba nan ba, shiga lungu. Ƙasa-ƙasa. Kai Teji, kai Teji! Har ka tsufa ba ka iya wanke abu ba? Haka ka bar kekenka ya ruɓe a bayan rijiya."

Rupinder ta toshe baki da mayafi. Tejinder bai ɗago ba, don ya san in ya ɗago zai fashe da kuka.

"To, Bapu-ji," ya ce.

Ya ci gaba da goge wuri ɗaya, don hawaye sun hana shi ganin inda sauran taɓon yake.