Wayar Halilu a Bayan Katanga

Ni Lurwanu ba matsoraci ba ne, kowa a Mayahi ya sani. Amma ran Littinin ɗin nan sai da na tashi daga kujera.

Ni ke kula da rezo, wato intanet, a biro, ofishin ƙungiyar manomanmu, tun da Halilu, wanda ya haɗa shi, ya rasu wata huɗu da suka wuce. Akwatin wifi shi ke raba wa kowace na'ura lambarta, sai sunanta ya fito a allo. Ina duba jerin don in gano wace lamba injin buga takarda ya ɗauka, sai ga shi a layi na bakwai: Wayar Halilu. Tana kan rezo, yanzun nan.

Ni na ɗauki makararsa. Na buɗe kowane kabad, na leƙa ƙarƙashin tebur, babu waya. Da azahar sunan ya ɓace.

Littinin ta gaba ya dawo. Ta bayanta ma haka. Ban gaya wa kowa ba, don Tanna mai gadi sai ya kai labarin kasuwa kafin la'asar. Tsoro nake ji, gaskiya ke nan, haushin kaina kuma ya fi tsoron yawa. Ran Juma'a na share tsohon kod, lambar sirrin shiga wifi, na sa sabo, na bi wayoyin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya na canza. Tsohon kod ko kallonsa ban yi ba. Halilu ne ya sa shi, shi ke shigar wa kowa da hannunsa.

Littinin ta zo, jeri tas. Na fita shan iska, sai na ga wata tsohuwa zaune a inuwar katangarmu ta baya, da ƙwaryar wake a gefenta da waya a cinya. Na durƙusa na gaishe ta.

"Iya, wa kike jira?"

"Ni ce uwar Halilu, ɗana. Daga Kanan-Bakashe nake zuwa kasuwa kowace Littinin." Ta shafa wayar. "Ita aka ba ni a gado. A kulle take, ba wanda ya san lambar buɗewa. A gida shiru take yi. In na zauna nan inda ya yi aiki sai ta yi ta ƙara, ta yi haske, hotonsa ya fito. Sai in gaishe shi in tafi."

Saƙonnin gurup ɗin abokansa ne ke shigowa in wayar ta kama wifi ɗinmu, na gane nan take. Na kuma gane cewa ba a shigar da sabon kod a wayar da ba ta buɗuwa.

"Yau dai ta yi nauyin baki," in ji ta. "Ko na zo da wuri ne?"

Tsohon kod kuwa na share shi, ba kuma wanda ya san shi balle in mayar. Ta gyara zama ta matsa jikin katangar, ta ce ba komai, za ta ɗan ƙara jira.