Tsirkiya Ta Uku

Duk wanda ya taɓa shiga tasi a Alƙahira ya san yadda waƙar "Bar Mini Tagar" take farawa. Kafin mawaƙiya Sitt Gamalat ta buɗe baki, jita ce take fara kuka ita kaɗai, gwargwadon lokacin da mutum zai kurɓi shayi sau biyu. Ni na kaɗa wannan wurin. Ni, Wagdi Iskandar na unguwar Shubra, a wani situdiyo da ke Titin Haram, wata Talata da safe a shekarar saba'in da huɗu. A bayan kaset ɗin akwai sunan mawaƙiya, da na marubuci, da na mai tsara kiɗa, har da na wanda ya ɗauki hoto. Mu makaɗa ba a rubuta mu, haka sana'ar take, kuma na haƙura da wannan tuntuni.

Fikri ne ban haƙura da shi ba.

Fikri Zaglul shi ne mai jita ta biyu, aikinsa ya riƙa raka ni daga baya. Da waƙar ta yi tashe, gidan talabijin ya kira mu. A lokacin faifai ake sawa, makaɗa su yi ta motsa hannu kamar da gaske. Darakta ya dube ni, gajere, ga sanƙo tun ina ɗan ashirin da biyar. Ya dubi Fikri, dogo, ga suma har wuya. Ya ce a ba dogon jar jitar da na kaɗa waƙar da ita. Shi ke nan, kyamara ta kwanta a kan yatsunsa, Masar gaba ɗaya ta yi masa rajista da kiɗana. 'Yan mata suna aiko masa da wasiƙu, masu sayar da abincin koshari suna ƙin karɓar kuɗinsa, ni kuwa ina rataye a ƙofar bas da akwatin jita. Bai taɓa cewa shi ya kaɗa ba, bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne. Murmushi kawai yake yi. Hassada ce nake yi masa, ba sai wani ya gaya mini ba, shekara hamsin ina kiwon abata.

Abu ɗaya ya rage mini da ba su ƙwace ba. Jita kayan Turawa ce, ƙarafunan da aka gitta a wuyanta ba su san muryoyin tsakiya irin namu ba, waɗanda ud, garayar Larabawa, yake fitarwa ba tare da wahala ba. Ran da muka ɗauki waƙar, na sassauta tsirkiya ta biyu kaɗan, ɗan mitsitsi, har ta yi daidai da kunnenmu. Ba wanda ya gani. Samari sun yi shekaru suna kwaikwayo, su zo kusa, amma ta fito musu a bushe.

Ran wata Alhamis da hantsi ina gidan shayin Amm Lutfi muna buga tawla, darar nan ta Masarawa, sai ga Fikri da sanda a hannu ɗaya, akwatin jita a ɗayan. Sumar tana nan, ta sha rini. A kunnensa akwai na'urar ji.

"Usta Wagdi, har yanzu kana yi wa tsofaffi maguɗi?" ya ce, yana kirana da laƙabin gwanayen sana'a.

"Basha da kansa a Shubra? Direbanka ne ya ɓata hanya?" na ce.

"Kai dai komai naka ya tsufa ban da bakin."

Ya zauna, na ƙi kira masa shayi, ya kira da kansa. Ya ce gobe da rana talabijin za ta yi taron tunawa da Sitt Gamalat, kai tsaye, ba faifai, kuma shi aka ce ya buɗe da kiɗan jitar nan na farkon "Bar Mini Tagar".

"Ka san ban iya ba," ya ce a hankali. Ban taɓa jin ya faɗa ba sai ranar. "Wata guda ina gwadawa, jikokina sun ce kamar ƙararrawar makaranta. Kunnen kuma ya tafi, yanzu da ido nake kiɗa. Ka ɗaure mini jitar da hannunka, don Allah. Kuma ka zo, na sa an ajiye maka kujera a sahun gaba."

Kujera a sahun gaba, wato in je in zauna in tafa masa. Raina ya yi baƙi ƙirin. Na buɗe akwatin, ita ce dai jar jitar nan. Yatsuna suka tafi kan tsirkiya ta biyu da kansu, na janye su na ɗora a kan ta uku, na sassauta ta, ba ɗan mitsitsi ba.

"Kada ka bari kowa ya taɓa ta," na ce. "Masu gwada sauti za su ce ba daidai take ba. Sirrin ke nan."

Ya tashi ya sumbaci sanƙona a gaban mutane.

Washegari ban je ba. Na tara abokan tawla a gidan shayi, na sayi shayi ga kowa, abin da ban saba ba, na ce wa Amm Lutfi ya ƙara muryar talabijin. Fikri ya fito da kwat fari, aka yi ta tafi. Maimakon ya fara, sai ya jawo makirufo.

"Shekara hamsin kuna tafa mini a kan aikin wani," ya ce. "Na ji daɗin tafin, shi ya sa na yi shiru, kuma ina jin kunya. Wanda ya kaɗa abin da kuke so, Wagdi Iskandar ne."

Kyamara ta nuna kujera ba kowa, da takarda manne a jikinta. Sannan suka rubuta sunana a ƙasan allo, manyan baƙaƙe. Gidan shayi ya ɗauki ihu, ana bubbuga mini kafaɗa. Ni kuwa tsirkiya ta uku kawai nake tunani.

"Bai samu zuwa ba," Fikri ya ci gaba, "amma jiya da hannunsa ya ɗaure jitar nan yadda ya ɗaure ta a wancan lokaci. Yatsun nawa ne, abin da za ku ji nasa ne."

Ya kaɗa. Abin da ya fito, kamar an matse mage da ƙofa. Mai ud ya juyo ya dube shi. Daga can bayan zauren wani ya fashe da dariya, wasu suka taya shi. Fikri idonsa a rufe, yana murmushin nan nasa, ba ya jin komai. Sunana bai gusa daga ƙasan allon ba har ya gama.

Amm Lutfi ya rage murya, ya kwashe kofuna ba tare da ya dube ni ba. Ɗaya daga cikin abokan tawla ya ce wa na kusa da shi, a zatonsa a hankali, "Ashe da dalili ba su sa sunansa ba."

Kafin la'asar wayata ta yi ƙara. Fikri ne, cike da murna.

"Ka gani, Usta? Na mayar maka da kayanka a gaban duniya. Gaya mini gaskiya, kai ne mai kunne. Ta fita yadda ka kaɗa ta?"